Yadda ake binne bututun ruwan indararo, da abin da ke toshe shi

Ruwan da rufi ke tarawa ya fi yadda ido ke gani. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 25, zai sauke lita 2,500, kuma duk ta bakin bututu biyu ko uku a gindin bango. Daga nan danshi ke hawa bango, fenti ya riƙa ɓarewa, ƙasa ta zaizaye, har fandisho ya zauna a ga tsaga. Maganin shi ne a karɓi ruwan tun daga bakin bututun da ke saukowa daga indararo, a bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa nesa da gini.

Kada a taɓa diga sai an san inda ruwan zai fita. Ko dai lambatun bakin titi, in hukuma ta yarda, ko wani gangare a cikin filin gidan da ya yi nisan mita 3 ko fiye da bango, ko ramin da zai shanye ruwan. Kada a juya shi gidan maƙwabci, kuma kada a haɗa shi da ramin masai: ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika shi, ƙazanta ta dawo cikin gida. A kuma bincika inda bututun famfo da wayar lantarki suka bi kafin a fara haƙa.

Bututun PVC da ake kira mai inci 4, wanda faɗinsa daga waje kusan milimita 110 ne, mai santsin ciki, shi ya dace da yawancin gidaje. Akwai baƙin bututun roba mai zobe-zobe wanda ke lanƙwasuwa, ya fi araha da sauƙin shimfiɗawa, amma kowane zobe matattarar yashi ce, kuma yana lotsawa in ƙasa ta danne shi. Mai huji-huji kuwa kada ya kusanci gini ko kaɗan, don zai tsiyayar da ruwan a daidai wurin da ake gudu.

Gangare shi ne ran aikin. A kowace mita 1 ta tsawo, bututu ya sauka santimita 1 zuwa 2. In tsawon layin mita 10 ne, bakin fita zai kasance ƙasa da mafari da santimita 10 zuwa 20. Ido ba ya auna wannan. A kafa turaku biyu, a ja igiya, a daidaita ta da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, sannan a riƙa auna zurfin ramin daga igiyar a kowace mita. Abin da ya fi ƙarancin gangare illa shi ne bututu ya yi ciki a tsakiya. Wuri ɗaya da ya lotsa ya isa ruwa ya kwanta, laka ta zauna, sauro ya samu gida, bayan damina biyu ko uku layin ya toshe. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne a zarce da haƙa a wani wuri, sai a mayar da ƙasa sakwa-sakwa a ɗora bututu a kai. In an zarce, a cike da yashi ko ƙananan tsakuwa a daddaɓe sosai.

Zurfin santimita 30 zuwa 45 ya wadatar a inda ƙafa kawai ke bi. Inda mota ke takawa a kai santimita 60 ko fiye, a sa bututu mai kauri, ko a lulluɓe shi da kankare. A shimfiɗa yashi kamar santimita 5 zuwa 10 a ƙasan ramin, a tsince duwatsu masu kaifi. Bakin bututu mai faɗi ya dubi ɓangaren gini, inda ruwa ke gangarowa. A goge mahaɗa ta bushe kafin a shafa gam, domin mahaɗar da ke yoyo ita ke kiran saiwar bishiya. Da siririyar jijiya take shiga, ta zama dunƙule.

Wajen juyawa, kwana biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai digiri 90. Ruwa ba ya rage gudu sosai, kuma waya ko tiyon yasa zai iya wucewa. A gindin kowane bututun indararo a sa mahaɗa mai reshe da murfi mai zare da ake kwancewa, haka ma a kowace babbar kwana. Mutane da yawa suna tsallake wannan don rage kashe kuɗi, daga baya sai an fasa daɓe kafin a kai ga toshewar. Ya fi kyau ma a gina ɗan akwatin tace laka, mai murfi, wanda gindinsa ya zarce bakin bututun fita da santimita 15 zuwa 20, yashi ya riƙa kwanciya a nan ana kwashewa da hannu.

Kafin a rufe ramin, a saki ruwa da tiyo daga sama a duba kowace mahaɗa, a tabbatar ya fita tas bai bar saura ba. Sai a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, a fara da gefe da gefen bututun.

In ramin shanye ruwa za a yi, ya yi nisan mita 5 daga gini. A fara gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami a cika da ruwa, in washegari yana nan bai janye ba, ƙasar yumɓu ce, a nemi wata mafita. A tuna cewa tsakuwa tana cinye wuri, ramin da aka cika da ita kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa kawai yake ɗaukar ruwa. A naɗe tsakuwar da yadin tace ƙasa don kada laka ta cike tsakaninta.

Kula da shi ba wuya. Gab da damina da kuma bayanta a share indararo, a wanke ragar da ke tare ganye, a kwashe lakar akwati, a kwance murfin nan mai zare a zura tiyo a saki ruwa da ƙarfi. A bakin fita a sa raga ko murfi mai lilo don ɓera da kwaɗi, a zuba duwatsu a ƙasansa kada ruwa ya haƙa rami. Ɓangaren PVC da ke waje rana na gasa shi har ya yi gautsi, don haka a shafa masa fenti. In ana ruwa aka ga yana tumbatsa daga mahaɗar gindin bango, toshewa ce a gaba. In kuwa wani wuri a kan layin ya daɗe da laima ko ya lotsa, bututun ne ya fashe ko ya rabu a nan, kuma daidai nan za a haƙa.