Inda ya kamata a kafa tanti a dazukan Gashaka-Gumti

Masu shirin zuwa Gashaka-Gumti sukan tambaye ni irin tantin da za su saya da irin takalmin da ya dace da hawan dutse. Ba kasafai suke tambayar inda za su kafa tantin ba, alhali a ganina wannan ya fi komai muhimmanci. A Serti, inda hedikwatar gandun take, ana samun ɗakin kwana. Da zarar ka bar hanyar mota ka nausa daji kuwa, makwancinka na kowane dare zaɓinka ne da na ɗan jagoranka.

Wannan shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a 1991 aka haɗe dazukan Gashaka da Gumti aka ba su wannan matsayi. Ɓangaren Gumti na arewa ya fi shimfiɗa, ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi. Ni na kudu na fi sani, inda tsaunuka da kurmi da kwazazzabai suke, inda kuma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Daga kwarin da bai kai mita 500 ba zuwa wancan ƙololuwa, yanayi yana sauyawa ƙwarai, don haka wurin da ya dace a ƙasa ba shi ne ya dace a sama ba.

Bakin kogi shi ya fi jan baƙo. Ka yini kana tafiya, sai ga rairayi fari tas a gefen Mayo Kam ko wani ƙaramin rafi, babu ciyawa, babu tsakuwa, ga ruwan alwala da na girki a kusa. Ban taɓa ganin ɗan jagoran da ya yarda aka kwana a irin wannan wuri ba. Dattijon da nake yawan tafiya da shi, wanda nake kira Baba, yakan ɗaga sandarsa ya nuna mini tarkacen ciyawa da ƙiraren da suka maƙale a rassan itatuwa sama da kaina, wato nan ne ruwa ya kai da ya yi cika. Rairayin ya yi tsabta ne domin ruwa yana wanke shi. Ruwan sama yana iya sauka a kan tsauni mai nisa cikin dare, kai kana ganin taurari a inda kake, kwazazzabai su tattaro shi su juye a kogi guda. Da rani haɗarin yana raguwa, amma daga watan Maris zuwa Afirilu, lokacin da hadarin farko yake fara haɗuwa, ba na amincewa da kowane gaɓar rafi. Nakan hau tudu, in bar aƙalla taki saba'in tsakanina da ruwa. Ɗebo ruwa a jarka daga can ba wata wahala ba ce.

Akwai kuma masu kogin. Dorina tana yini a ruwa, ta fito kiwo da dare, kuma hanya ɗaya take bi kullum. In ka ga wata turba mai faɗi da ta tattake ta fito daga ruwa ta shige ciyawa, kada ka yi zango a kanta ko tsakaninta da kogin, domin dorinar da ta firgita ruwa take nufa a guje, ba ta kauce wa abin da ke gabanta. Ɓauna da gwanki ma suna da mashayarsu. Tsando da sauro sun fi yawa a inuwar bakin ruwa, su kaɗai sun isa su hana ka runtsawa.

A cikin kurmi, sama nake fara dubawa kafin ƙasa. Busasshen reshe da ke rataye yana jiran iska kawai. Itacen da ke 'ya'ya, musamman ɓaure, wurin cin abincin birai ne da tsuntsaye da rana, jemagu da dare. Sai in dawo ƙasa in nemi jerin kwarkwasa. In suna wucewa kusa, tashi za ka yi ka sake wuri, babu wata dabara. Abinci kuwa a ɗaure shi tam, nesa da makwanci, don bika ta san abin da ke cikin jaka.

Can sama, inda kurmi ya ƙare ciyawar tsauni ta fara, matsalar iska ce da sanyi. A duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, ga hunturu, ga raɓa mai jiƙa komai kafin asuba. Kowa yana son ya farka a kan tsololon tudu ya ga duniya a ƙarƙashinsa. Amma a nan iska take tumɓuke tanti, nan ne kuma tsawa take faɗawa. Ƙasan kwari ma ba mafita ba ne, domin sanyi yana gangarowa ya taru a can da dare. Abin da nake nema shi ne ɗan fili a tsakiyar gangare, a bayan wani dutse ko a gefen guntun kurmi da zai tare iska, bakin tantin yana kallon inda iskar take tafiya. Da rani makiyaya suna ƙona ciyawa don sabuwa ta tsiro, wuta kuma ta fi gudu idan tana hawan tudu. Saboda haka na fi son wurin da ya riga ya ƙone ko mai gajeriyar ciyawa, ko da toka za ta ɓata mini kaya.

Dajin nan yana da mutanensa. Akwai ƙauyuka da rugage a cikinsa, a wurare irin su Selbe da Filinga da Chappal Hendu, da kuma ta ɓangaren Mambila. Ba na kafa tanti kusa da ruga sai mun je mun gaida Arɗo mun faɗi ko mu su wane ne. Shi zai ce kada ku sauka can, burtalin shanu ne, ko ya nuna mana idon ruwan da ba ya ƙafewa. Haka kuma ba a shiga gandun sai da izinin hukumarsa da rakiyar ma'aikatanta, su ne suka san ɓangaren da ke lafiya a wannan makon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne in tarar da tsohon zango cike da leda da gwangwani. A kurmin nan ne birin chimpanzi na Najeriya da Kamaru yake da ɗaya daga cikin manyan mafakarsa, kuma murar mutum tana iya kama shi har ta kashe shi. Ruwan da muke wanke tukunya a ciki shi ke gangarawa Kogin Taraba ya faɗa Binuwai. Don haka a haƙa rami nesa da rafi don bayan gida a rufe, a yi wanka da sabulu a kan tudu, a sake amfani da murhun da wasu suka bari maimakon buɗe sabo, a kashe wuta da ruwa har tokar ta huce.

Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da na fi so, duk da cewa hazo yakan rufe tsaunuka na nesa. Kowace rana muna tsayawa da la'asar ko da ƙarfinmu bai ƙare ba, domin duba rassa da sawun dabbobi da alamar ruwa aiki ne na haske, kuma a cikin kwari duhu yana rigan magariba sauka.