Jika Dubu Biyu da Saƙon Murya na Minti Huɗu

Har yau saƙon yana cikin salulata, ban goge shi ba, tsawonsa minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. An turo shi cikin zauren WhatsApp ɗinmu na masu sayar da kayan waya a farkon watan Yuli na 2023, ƴan kwanaki bayan babbar salla, kuma wanda ya turo mana ɗin shi ma turo masa aka yi. Ban san mai muryar ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma a kan maganarsa na kwashi jika dubu biyu, wato sefa miliyan biyu, jarin da na yi shekara shida ina tarawa a ɗan shagona da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi, na mayar da su naira.

Dole in yi wa zauren adalci, domin ba wurin shashanci ba ne. Akwai ƴan Maraɗi, akwai na Tasawa da Damagaram, akwai ƴan'uwanmu na Jibiya da Katsina da Kano, kuma kowace safiya kafin in buɗe shago na riga na san yadda canji ya kwana, da kuɗin caja da batir a kasuwar Farm Centre ta Kano, da irin wayar da ta fito sabuwa. Lokacin da Najeriya ta sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, a zauren na fara jin cewa an sa wa'adin 31 ga Janairu, na yi maza na rabu da tsofaffin takardun da ke hannuna tun kafin ƴan canji su fara ƙin karɓarsu. Wannan taimakon da na samu sau ɗaya shi ne ya sa na saki jiki, har na daina bambance labarin abin da ya faru da hasashen abin da zai faru.

Mai muryar ya iya magana. Ya fara da cewa Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, wanda gaskiya ne, mun ma gani a jikinmu domin man kwalba da ake sayarwa a bakin titi ya tashi nan take. Ya ce ranar 14 ga Yuni babban bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta da kanta, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700, wannan ma gaskiya ne. Ya ce an ƙaddamar da matatar man Ɗangote a Legas ranar 22 ga Mayu, mai iya tace ganga 650,000 a rana, kuma da zarar ta fara aiki Najeriya za ta daina kashe dala wajen shigo da mai. Sai ya rufe da cewa naira ta riga ta taɓa ƙasa, ba ta da sauran wurin faɗuwa, duk mai sefa ya saye ta yanzu, kafin watanni uku zai ga alheri. Minti uku da rabi na farko duk labari ne da kowa zai iya tabbatarwa. Wutsiyar da ya ɗaura a ƙarshe ita ce ra'ayinsa, kuma ita kaɗai na ɗauka.

Kafin in je wurin ɗan canji na biya ta unguwar Bagalam wurin kawuna, wanda ya tsufa a fataucin wake da aya. Na same shi a kan tabarma ƙarƙashin bedi bayan la'asar, na gaishe shi, na kunna masa saƙon. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Wannan mai maganar ɗan wane ne?" Na ce, "Ban sani ba, Kawu, turowa aka yi." Ya ce, "To shi nawa ya zuba?" Na yi shiru. Ya ba ni labarin watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ya ce waɗanda suka kwana da buhuna a sito sun tashi da dukiyarsu, waɗanda suka kwana da takarda a aljihu sun tashi da rabinta. Ya ce, "Ɗana, kuɗin fatauci ba su kwana suna kuɗi. Idan ka canza, ka wuce Kano gobe ka mayar da su kaya." Na ce to, Allah ya ƙara girma, amma a zuciyata ina cewa tsoho bai san zamanin intanet ba.

Na canza a kan naira 1,400 kowace jika, aka tura naira miliyan biyu da dubu ɗari takwas cikin asusun abokin hulɗata na Kano, mutumin da nake sayen kaya a hannunsa shekara da shekaru. Da na bi maganar Kawu, da na shiga mota washegari ta iyakar Ɗan Isa na sari kayana na dawo, an gama. Sai na yi wa kaina wata dabara: in bar kuɗin su zauna mako uku ko huɗu, naira ta farfaɗo, kaya su sauko a Kano, in sayi abin da ya fi yawa da kuɗi ɗaya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki.

Juyin mulki ba wanda ya san da zuwansa, kuma ba shi nake zargi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da na yi da hannuna a watannin da suka biyo baya. Abokin hulɗata ya kira ni a cikin watan Agusta, ya ce, "Malam, kuɗinka suna zaune, kaya kuwa kullum tashi suke yi. Bari in saya maka fawa-banki da fitilun sola da caja in ajiye a sitona, ranar da aka buɗe hanya ka ɗauka." Na ce ya dakata. Ya sake kira a Oktoba, ya sake kira a Disamba, kowane karo ina ce masa ya ƙara haƙuri. Dalilina kuwa ba ya wuce abin da nake karantawa da dare a zauren: yau an ce za a buɗe iyaka mako mai zuwa, gobe an turo hoton wata takarda mai tambari an ce babban banki zai zuba dala a kasuwa, jibi wani ya rantse cewa ɗan'uwansa yana aiki a matata kuma mai zai fito ƙarshen wata. Kayan da nake sayarwa kusan duka daga Sin ake kawo su, da dala ake sayensu, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, farashinsu a Kano yana bin dala zuwa sama. Da na yarda an saya a watan Agusta, da jarina ya koma kaya ya tsira. Wannan lissafi ne da yaron shagona ma zai iya yi, ni da nake karanta labarin tattalin arziki dare da rana na kasa.

Kuma a daidai wannan lokaci ne Maraɗi ta shiga duhu. Mutane suna shigowa shagona suna tambayar fawa-banki da fitilar sola, na sayar da ɗan abin da ya rage cikin mako biyu, daga nan sai in ce babu, su wuce shagon maƙwabcina. Wasu sun riƙa shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya a kan babura, ni ban bi wannan ba, ba kuma don na fi su tsoron Allah ba, sai don ba ni da kayan da zan shigo da su. Ina zaune gaban kanta rabinta wayam, salula a hannu, ina jiran wani ya rubuta cewa naira ta tashi.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin a lokacin ba ni da uzurin rashin sani. A watan Fabrairu na 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 31 cikin ɗari, zauren kuwa ya juya gaba ɗaya. Mutanen da suka yi wata bakwai suna cewa naira za ta dawo, su ne yanzu suke cewa za ta kai 2,500, wasu ma 3,000, kafin azumi. A cikin makon nan ɗaya aka kuma cika mu da maganar cewa sefa ita ma ta mutu, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu, kuma shugaban mulkin sojanmu, Janar Tiani, ya taɓo batun kuɗin bai ɗaya a hirarsa da gidan talabijin na ƙasa, har aka riƙa yawo da hotunan wasu takardun kuɗi da ba a taɓa bugawa ba. Mai hankali zai tsaya ya ce, idan naira ta mutu kuma sefa ta mutu, to ina ake so in gudu? Ni ban tsaya ba. Na kwana uku barci ba ya ɗaukata, uwargida tana tambayata ko ba ni da lafiya, ina ce mata zafi ne, alhali ko sanyin hunturu bai gama fita ba. A rana ta huɗu na kira Kano na ce a turo wa ɗan canji kuɗin duka.

Ya ba ni a kan naira 3,000 kowace jika. Na tsaya ina kallonsa yana ƙirga takardun jika goma-goma, yana lasar yatsa, yana ɗaure su da roba, ya miƙo mini jika 933 da ƴan canji. Da na kawo masa kuɗin a watan Yuli sai da na riƙe jakar da hannu biyu. Wannan karon aljihun riga ɗaya ya ɗauke su.

Bayan ƴan kwanaki, ranar 27 ga Fabrairu, babban bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin ɗari, ya kuma koma sayar wa ƴan canji masu lasisi dala. An turo labarin a zauren, layi biyu, ba wanda ya tanka, domin ba shi da daɗin hira kamar hoton sabon kuɗi. Ashe shi ne labarin da ya kamata a tsaya a kai. CEDEAO ta riga ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, Najeriya ta buɗe iyakarta ranar 13 ga Maris, namu ɓangaren ya biyo baya cikin watan, kuma kafin tsakiyar Afrilu, bayan ƙaramar salla, dala ta sauko ƙasa da naira 1,200, jika ta koma ƙasa da naira 2,000. Da na ƙara haƙurin mako bakwai, bayan na yi na wata bakwai, da kuɗina sun dawo jika 1,400 ko fiye. Na san daga baya naira ta sake faɗuwa, kuma ba wanda ke da tabbacin zai dace da ranar da ta fi kyau, amma wannan bai rage mini komai ba. Na saya lokacin da zaure yake murna, na sayar lokacin da zaure yake kuka, duka biyun a mafi munin lokaci.

Wani ɗan Katsina da ke cikin zauren ya gaya mini daga baya cewa ya gane muryar, wai ta wani ɗan canji ne da naira ta yi wa yawa a hannu a wancan lokaci. Ko haka ne ko ba haka ba, tambayar da ta dace Kawu ya riga ya yi mini ita a kan tabarma, kuma ban da amsarta na tafi na canza kuɗin. Shi ya sa yanzu idan yaran kasuwa suka kawo mini irin wannan saƙo, abin da nake fara ce musu shi ne su raba shi biyu, su ware abin da ya riga ya faru, wanda za a iya ji a rediyo ko a gani a sanarwar banki, daga abin da mai magana yake so su yi da kuɗinsu. Kashin farko yawanci gaskiya ne, shi ne ma yake sa a haɗiye na biyun ba tare da taunawa ba. Ina kuma gaya musu cewa sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta tana yawo, saboda haka wanda yake saye da naira yana sayarwa da sefa bai kamata ya riƙe naira fiye da kwanakin tafiyarsa ba. Ni ɗan kasuwar caja ne, ba ɗan canji ba, ribata tana cikin kwali, kuma ranar da na manta da haka ne na yi asarar jika dubu da sittin da bakwai.

Ban fita daga zauren ba, ko da yake na yi niyya sau da yawa. Har yanzu a can nake ganin canjin safe da farashin Kano, kuma a can na ji an buɗe Ɗan Isa kafin rediyo ta faɗa. Abin da na daina shi ne karanta shi bayan sallar isha'i, domin duk shawarar banza da na yanke, a kan katifa na yanke ta, da hasken salula a fuskata. Ba na kuma tura wa kowa saƙon da ban san mai shi ba, saboda na tuna cewa wancan saƙon ni ma na tura shi wa mutum uku, ɗaya daga cikinsu ƙanen matata ne, kuma har yau idan muka haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Sai bayan salla na iya zuwa Bagalam na faɗa wa Kawu yadda aka ƙare. Na yi zaton zai yi mini faɗa. Ya tambaye ni nawa suka rage, na faɗa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira jikansa ya ce ya ɗauko masa wata jakar fata daga ɗaki. Ya ƙirgo jika ɗari uku ya ajiye a gabana, ya ce rance ne zuwa kaka, kuma sharaɗinsa ɗaya, kada su kwana biyu a hannuna. Washegari da asuba ina tasha, kafin azahar na wuce Jibiya, da dare ina sitonmu na Kano muna ƙirga kwalaye da fitilar waya.