Kafin ka biya kuɗin tsohuwar Land Rover

Duk mai son sayen Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, kada kyan bodi ya ruɗe shi. Yawancin bodin alminiyum ne, ba ya tsatsa. Shasi kuwa, wato firam ɗin da ke ɗauke da bodin, ƙarfe ne, kuma nan ciwon yake.

Motar da ta yi shekaru tana ratsa fadamar Argungu ko hanyoyin ƙauyukan Yauri da damina, laka kan cika cikin shasinta, ta riƙe danshi, tsatsa ta riƙa ci daga ciki. Ka shiga ƙarƙashinta da guduma da tocila. Ka bubbuga ƙarfen da ya gitta a can baya, da wuraren da aka ɗaure sifirin ɗin motar. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ka duba inda direba ke sa ƙafa, domin nan ma ƙarfe ne, yana tsatsa.

Wajen walda, kada ka yarda a lafta faci a kan tsatsa. A yanke wurin har sai an kai ƙarfe mai haske, a saka falankin ƙarfe mai kaurin milimita 2, sannan a shafa jan fenti. A cire kan batir tukuna kafin a fara waldar.

Injin fetur ɗinta mai lita 2.25 yana da haƙuri. Birki ne abin tsoro: robobinsa kan bushe idan ta daɗe a ajiye. A canza su duka da tiyo, a zuba sabon man birki, giyabos da aksul kuma a ba su man giya EP90.