Ina Disneyland za ta sa ƙafa nan gaba?

Akwai wani fili kudu maso gabas da Disneyland, a birnin Anaheim na jihar Kalifoniya, wanda masoya wurin suka fi shekara ashirin suna yi wa gini da baki. Wani ya ce a nan za a kafa wurin shaƙatawa na uku, bayan Disneyland da California Adventure. Wani ya ce ina, otal-otal da kantuna ne za su tashi. Wani kuma ya ɗauko hoton tauraron ɗan'adam, ya zana tafki a tsakiya, ya jera lilo da jiragen wasa a kewaye, har da inda ƙofar shiga za ta kasance. Ina cikin masu wannan hira, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Filin dai har yau kwalta ce shimfiɗe, motoci ake ajiyewa a kai, sunansa Toy Story, bas ke kwasar mutane daga can zuwa bakin ƙofa.

Wanda bai san tarihin kamfanin ba zai ce shaci-faɗi ne kawai. Amma Disney da kansa ya koya wa mutane sa ido a kan cinikin fili. A 1964 da 1965 wasu kamfanoni da ba wanda ya taɓa jin sunansu suka riƙa sayen fadamu da makiyaya kusa da Orlando a jihar Fulorida. Akwai Ayefour Corporation, akwai Tomahawk Properties, akwai Reedy Creek Ranch. Mutanen gari suka ce ruwa ba ya tsami banza, wasu na cewa kamfanin Ford ne, wasu na cewa attajiri Howard Hughes ne. Sai a watan Oktoba na 1965 wata 'yar jaridar Orlando Sentinel, Emily Bavar, ta rubuta cewa Walt Disney ne, bayan ta tambaye shi baki da baki ta ga yadda ya diririce. Ran 15 ga Nuwamba aka sanar a hukumance. Kafin nan ya riga ya tara sama da eka 27,000 a kan dala miliyan 5 da 'yan kai. Da an san mai saye tun farko, da ba a sayar masa a wannan kuɗin ba. To wanda ya san wannan labari, in ya ji an sayar da wani tsohon otal a gefen titi ga kamfanin da ba a sani ba, dole ya kasa kunne.

Abin da ya kai Walt Disney Fulorida kuwa takaicin Anaheim ne. Da ya buɗe Disneyland ran 17 ga Yuli, 1955, eka 160 ya saya na gonakin lemo, iya abin da aljihunsa ya ɗauka ke nan. Kafin a ce me, masu ƙananan otal-otal da gidajen abinci sun mamaye titin Harbor da ke gabas da wurin, kowa ya kafa allonsa mai walƙiya. Hakan ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. Yau in ka tsaya a titin Harbor da safe za ka ga iyalai suna fitowa daga waɗannan otal-otal, suna tura keken jarirai, yara sanye da kunnuwan ɓeran nan Mickey Mouse, suna tsallaka titi da ƙafa. Waɗanda ba su da kuɗin kwana a otal ɗin Disney nan suke sauka. Shi ya sa raina ba ya so in ji wani a cikinmu ya ce ai kamata ya yi a saye titin gaba ɗaya a rushe. Mai faɗin haka bai lissafa wa zai daina zuwa ba.

Shi kansa filin Toy Story yana da tarihin da masu zane ba su cika ambata ba. Babban ɓangarensa gonar sitiroberi ce ta iyalin Fujishige, Amurkawa 'yan asalin Japan, waɗanda suka yi noma a wurin tun shekarun 1950. Gari ya taso ya kewaye su, otal a nan, zauren taro a can, su kuma suna ta noma suna sayar da amfanin gona a rumfa a bakin titi. An yi ta taya gonar, Hiroshi Fujishige yana cewa ba ta sayarwa ba ce. Sai a 1998, shekarar da ya rasu, iyalin suka yarda, Disney ya karɓi sama da eka 50 a kan kusan dala miliyan 100. Ka kwatanta da abin da aka biya a Fulorida, ka ga yadda tsadar ƙasa ke bin sawun wurin shaƙatawa. Tun daga ranar ake cewa wuri na uku na nan tafe. Ranar da na sauka daga mota a wannan fili, rana na dukan kwalta, ma'aikaci na nuna mana layin bas da hannu, abin da ya zo mini shi ne mutumin da ya shafe shekaru yana cewa a'a a daidai inda nake tsaye, ga shi abin da aka yi da gonarsa bai wuce jera motoci ba.

Dalilin da ya sa na rage gudu wajen yarda da hoton da kamfani ya fitar shi ne yawan ayyukan da suka mutu bayan an sanar da su. A 1991 aka sanar da WestCOT, wurin shaƙatawa na biyu da za a gina a gefen Disneyland, wanda aka ce zai ci kusan dala biliyan 3, da wata ƙatuwar ƙwallo mai ruwan zinariya a tsakiya. Maƙwabta suka yi ƙorafi, Euro Disney da aka buɗe a Faransa a 1992 ta shiga matsalar kuɗi, a 1995 aka binne maganar. Abin da ya maye gurbinsa shi ne California Adventure, wanda aka buɗe a Fabrairun 2001 a kan tsohon filin ajiye motoci. A 2016 aka zo da shirin Eastern Gateway, benen ajiye motoci da gadar masu tafiya a ƙafa da za ta ƙetare titin Harbor. Masu otal da gidajen abinci na titin suka ga gadar za ta ɗauke mutane ta saman kansu, suka tashi tsaye, a 2017 aka janye. A 2018 kuma aka rufe gidan sinima da wasu gidajen abinci a Downtown Disney, yankin kantunan kamfanin da ke gefen Disneyland, domin a gina otal na alfarma, sai rigimar rangwamen haraji ta ɓarke tsakanin kamfanin da birnin, aka fasa otal ɗin bayan an riga an sallami ma'aikatan wuraren. A cikin ukun nan babu wanda ya mutu don ƙarancin basirar masu zane. Kuɗi ne, da maƙwabta, da kansilolin birni.

Nan ne DisneylandForward, shirin kamfanin na faɗaɗa wurin, ya shigo, kuma nan ne na ga an fi yin karatun gaggawa. Da aka bayyana shi a Maris na 2021, an haɗa da hotunan abubuwan da ke Tokyo da Shanghai a matsayin misali, sai kowa ya kama nasa: wannan ya ce garin fim ɗin Zootopia za a kawo, wancan ya ce Wakanda ta fim ɗin Black Panther. Amma takardar da majalisar birnin Anaheim ta amince da ita a Afrilu da Mayun 2024 ba ta yi alkawarin wani lilo ko ɗaya ba. Magana ce ta dokar amfani da fili. Tsarin da aka yi a shekarun 1990 ya yanka ƙasar Disney gida-gida: nan otal kaɗai, nan ajiye motoci kaɗai, nan wasanni kaɗai. Sabon tsarin ya ba su damar cakuɗawa, su sa wasanni a kewayen otal-otal ɗinsu na yamma, su sa kantuna ko otal ko wasanni a filin Toy Story. Ba a ƙara musu wata sabuwar gona ba. A madadin haka kamfanin ya ɗauki nauyin zuba aƙalla dala biliyan 1.9 cikin shekara 10, da dala miliyan 30 domin gidaje masu rahusa, da miliyan 8 domin lambunan gari, yarjejeniyar kuma ta shekara 40 ce.

Sai kuma dala miliyan 40 da ya biya ya sayi tituna daga hannun birnin: Magic Way, da Hotel Way, da wani yanki na titin Clementine. A hirarmu ta masoya, wannan layi ɗaya ne a ƙasan labari. A zauren majalisa kuwa shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya. Magic Way ɗan gajeren titi ne da ya haɗa titin Walnut da Disneyland Drive, kuma mazauna unguwannin yamma ta nan suke bi su hau babbar hanyar I-5. In an rufe shi ga motocinsu, zagaye ya kama su kullum, safe da yamma.

Na taka titin Walnut da ƙafa wata yamma. Hannu ɗaya katanga ce da itatuwa, bayansu filayen motoci da benayen otal. Ɗaya hannun gidaje ne na talakawa da masu matsakaicin hali, ƙananan farfajiyoyi, kwandunan shara a bakin hanya, wata mata na ba wa shukokinta ruwa da tiyo. Tsakanin ƙofarta da inda muke zana tsaunuka da jiragen lilo a taswira, faɗin titi ne kawai. A hoton sama ba a ganin wannan. Ana ganin murabba'i mai launin toka, sai hannu ya yi ƙaiƙayin cika shi. Ita kuwa tambayarta daban ce: tsawon ginin nawa ne, ihun masu hawa zai kai ƙarfe nawa na dare, fitilu za su haska tagar ɗakin kwana ko a'a, ina baƙi za su ajiye mota in ba su son biyan kuɗin fakin. Ina son a faɗaɗa wurin, ina so ƙwarai. Amma ban ga dalilin da zai sa mai son wurin ya ɗauki mai wannan tambaya a matsayin abokin gaba ba.

Ga kuma waɗanda za su yi aiki a sabon wurin. Wani bincike da ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki nauyinsa a 2018 ya ce kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatan Disneyland da aka tambaya sun taɓa rasa matsuguni a shekara biyun da suka gabata. Kamfanin ya musanta ingancin binciken, amma a shekarar ce masu zaɓe a Anaheim suka amince da Measure L, dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa ga kamfanonin baƙunci da ke cin tallafin birni. Kowane sabon yanki na nufin ƙarin ma'aikata a gundumar Orange, inda kuɗin haya ke cikin mafi tsada a Amurka. Dala miliyan 30 kuɗi ne, amma a wannan kasuwa ba za su gina gidaje da yawa ba.

Masoyan da nake girmamawa su ne masu karanta takardu. Su ne suka bi sawun Universal, abokin gasar Disney a harkar wuraren shaƙatawa, a Orlando: ƙasar da kamfanin ya saya daga Lockheed Martin a 1998, ya sayar a 2003, ya dawo ya sake sayen kusan eka 475 a 2015. Tun kafin sanarwar 2019 sun riƙa tono takardun izinin gini da na magudanar ruwa, suna bin maganar tsawaita titin Kirkman, wanda gundumar ta sa wa dala miliyan 125. Abin da suka hango shi ne Epic Universe, sabon wurin shaƙatawar Universal da aka buɗe ran 22 ga Mayu, 2025. Haka a ƙarshen 2023, wani shafin masoya na Orlando ne ya fara bankaɗo cewa Universal ya sayi eka 476 na tsohuwar masana'antar bulo kusa da Bedford a Ingila. A Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta tabbatar, ana sa ran buɗewa a 2031. Waɗannan mutane rajistar filaye suka duba, da sunayen daraktocin kamfani.

Maganar wurin shaƙatawa na biyar a Walt Disney World, wanda aka gina a wancan fili na Fulorida, ba zan daɗe a kanta ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yunin 2024 da hukumar da ke kula da yankin ta ba da izinin gina shi, a cikin shirin kashe har dala biliyan 17. Izini ne, kuma kamfanin bai ce zai gina ba.

In ka tambaye ni nawa hasashen game da Anaheim, mota nake bi. Ba a gina komai a filin da motoci ke kwana sai an sama musu wani wuri. Haka aka yi kafin California Adventure, aka fara da benen Mickey & Friends mai ɗaukar motoci kusan 10,000. A 2025 kamfanin ya sanar da sabon bene mai ɗaukar kimanin motoci 6,000 a gabas, da gada a kan titin Harbor, wato Eastern Gateway ya dawo da sabuwar riga, wannan karon da alkawarin cewa za a iya hawa da sauka daga titin. Sai wannan bene ya tsaya da ƙafarsa kafin a taɓa wani babban fili. Abin da aka riga aka ambata da suna, yankin Avatar da lilon Coco da ƙarin wasanni biyu na Avengers, waɗanda aka ɗauko daga finafinai, duk a cikin California Adventure ne ko a gefensa. Don haka ina ganin yamma, wajen otal-otal, ita za ta biyo baya, domin tana manne da wuraren da ake da su, gada kawai take buƙata a kan Disneyland Drive. Filin Toy Story yana da nisa, manyan tituna da kadarorin wasu sun shiga tsakani, kuma ina zaton kantuna da otal za su riga lilo isa can.

A yanzu abin da nake jira in gani shi ne zanen ƙarshe na gadar Harbor, musamman inda matakalarta za ta sauka da inda za a sa wurin binciken jaka. In mai kwana a ƙaramin otal zai fito ya hau cikin minti biyar, masu titin za su yi shiru aikin ya tafi. In kuwa sai ya yi doguwar tafiya baya kafin ya samu hanyar hawa, ina sa ran ganin masu otal ɗin a zauren majalisa kamar yadda suka tashi tsaye a wancan karon.