Asabar, da “To, Yaya” ɗin Auta

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma ga sha ɗaya ta gota barci ya ƙi zuwa, kuma na san abin da ya tsare shi.

Lafiya lau gari ya waye mana. Wuta ta kwana, na goge kayan makarantar yara na sati guda. Inna ta aiko da fura daga cikin gari har da nono mai kauri. Ƙaramar ta sake ɓatar da takalminta ƙafa ɗaya, sai cikin kwandon albasa muka tsinto shi.

Wajen ƙarfe goma ƙanena Auta ya yi sallama yana janye da keken Baba. Sarƙa ce ta tsinke masa tun Ƙofar Ƙaura, hannayensa duk baƙin mai. Ya miƙa wa Malam mai faci na bakin layinmu, ya shigo jira. Na dama masa fura, bai kai ludayi biyu baki ba ya zaro waya.

“Yaya, zo ki ga wani abu.”

Na leƙa ina riƙe da tsintsiya. Samari ne da ’yanmata sun duƙufa a kan kekuna, sun cure wuri guda kamar garken tumaki a hanyar kasuwa, taya na kusan taɓa taya.

“Duk ɗin nan ɗalibai ne irina,” in ji shi. “’Yan jami’a.”

Daga nan bakinsa ya buɗe, kun dai san Auta da ba ya haɗa jimla uku a zama ɗaya. Ya ce ƙungiyar wasannin jami’o’i ta duniya, FISU, ita ke shirya gasar, kuma an fara ta tun 1978 a birnin Antwerp na Beljiyam. An yi a Holan a 2008, a Folan a 2014, a Filifin a 2016, a Braga ta ƙasar Fotugal a 2018. Haka ya jero su da ka, kamar mai biya hadda gaban malam. Ya ce tseren iri biyu ne. Akwai na kan kwalta, wani a tashi gaba ɗaya, wani kuma kowa shi kaɗai za a saka, agogo ne abokin karawarsa. Akwai na dutse, ya nuna mini shi ma: tayoyi masu kauri da ƙuraje, gaban keken na lotsawa yana dawowa, ana bi ta kan saiwoyi da tsakuwa da taɓo. Ya ce da ma a kai su gefen Dutsin-ma ko Batsari su ga duwatsu.

Na tambaye shi me ya sa suke manne wa juna haka, ba sa tsoron faɗuwa? Ya ce iska suke ɓuya wa. Na gaba ne ke shan wahalar tsaga ta, na baya ya laɓe ya tara ƙarfi, sai su riƙa karɓa-karɓa. Ya ce shi ma haka yake yi a bayan Keke Napep idan iskar hunturu ta taso masa a hanyar makaranta. Nan na yi masa faɗa sosai, wannan kam ban yi nadamarsa ba, don mai Napep ba ya gaya wa kowa zai taka birki.

Ya yi dariya ya ci gaba. Wai keken tsere ƙa’ida ce kada ya gaza kilo 6.8, saboda masu ƙerawa na iya yin wanda bai kai hakan ba. Na dubi ƙofa na tuna keken Baba, da kariyarsa ta ƙarfe wadda ta sha ɗaukar buhun gero. Ni ko da hannu biyu ba na iya tsallakar da shi dokin ƙofa.

Sai ya rage murya ya ce, “Yaya, da za a samu hanya ta NUGA, gasar wasannin jami’o’in Nijeriya, ni fa ina ganin zan iya.”

Ni kuwa ban ko ajiye tsintsiyar ba na ce, “Auta, wannan wasan masu ƙoshi ne. Kai dai ka yi karatunka, Allah ya hore maka mashin ka huta da feda.”

Ya kashe wayar, ya sa a aljihu. Ya ce, “To, Yaya.” Ya shanye furarsa tas, ya ɗauraye kwanon da kansa, ya fita wajen Malam.

Magana zarar bunu. A lokacin ban ɗauke ta komai ba, addu’a ma nake ganin na yi masa. Mu nan keke ai alamar babu ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya gagare shi ya zaro keken daga ɗakin ajiya, ni kallon tausayi nake yi masa. Ban taɓa kawo wa raina cewa son abin yake ba.

Da azahar ina gyara tabarma na ga ya mance littafinsa. Na buɗe bayan don in ga ko nasa ne. Layi ne na ranaku, kowace da lamba a gabanta: 44, 42, 43, 40, haka har shafi biyu. Can ƙasa 34, ya zagaye ta da jan biro har sau biyu. A sama ya rubuta, “gida zuwa get”. Mintoci ne. Wato duk safiyar da nake cewa Allah sarki Auta, shi tsere yake da agogo, ba wanda ya sani.

Na rufe littafin jikina a sanyaye.

Da la’asar zan tafi Islamiyya na tsaya gaida Malam. Yana zaune ya tsoma tub a cikin rabin jarka yana neman inda ke fitar da kumfa.

“Malam, ina wuni? An gode da aikin yaron nan.”

“Lafiya lau, ɗiyata. Ai ƙanen naki ƙafar mahaifinku ya ɗauko. Ni na gaji da canza mashi sarƙa, ƙarfi ya yi mata yawa.” Ya ɗaga tub ɗin ya danna da babban yatsa. “Marigayi a kan keken nan ya taɓa zuwa Daura kallon Sallar Gani. Bayan asuba ya tashi, can ya yi azahar.”

Kusan kilomita 80 ke nan daga nan Katsina. Ban taɓa jin labarin ba, ko daga bakin Inna.

Karatun yau bai shige ni ba. Tuwon dare ma ya yi ruwa.

Bayan isha na ba Maigida labari. Ya ce ai bai kamata in ce babu hanya ba, ko a Abuja akwai filin tseren keke a babban filin wasa, tun gasar Afirka ta 2003 aka gina shi. Ya tuna mini Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 2024 har ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, da kuma Ruwanda da ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Kigali a 2025. Ya kawo zancen Ese Ukpeseraye, ’yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a Olamfik, a Faris a 2024, wadda sai da ’yan Jamus suka ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Wannan ɗin ne ya fi tsaya mini a rai. Da keken aro, amma ai ta hau. Ko ita wa ya fara ce mata wasan masu ƙoshi ne?

Har yanzu ina tsoron titi, ina tsoron karatunsa ya yi rauni, kuma ba ni da kuɗin keken tsere, ba zan yi ƙarya ba. Amma adashina na fitowa ƙarshen wata.

Ɗazu na tura masa saƙo a WhatsApp: “Auta, littafinka na wurina. Na ga 34 ɗin. Tambayo mana nawa ake sayar da hular kwano ta keke.” Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

Sun ɗauke wuta, cajina saura kaɗan, ina nan riƙe da wayar.