Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Na Koyi Ba Wa Ƙarfe Launin Toka

A makon jiya na tsaya ne a inda na gama sassaƙa ƙotar bindigata ta farko, na kwantar da bututun a cikin kwarminsa, har maigidana, wanda ke koya mini sana'ar, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa ya ce ta zauna. Abin da ya rage shi ne launin ƙarafan, kuma a lokacin na ɗauka aikin yini guda ne, domin a tunanina magani kawai ake shafawa a koma gefe a jira. Sai da ya ci mini kwana goma sha ɗaya.

Bindigar irin doguwar nan ce da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, samfurin da maƙeran da suka yi ƙaura daga Jamus suka bunƙasa a yankin Lancaster na Fensilbaniya, a Amurka, a ƙarni na 18. Bututunta mai kusurwa takwas ne, tsawonsa inci 42, kuma da ƙanƙara da ƙyastu take tashi, tsarin da ake jingina kammaluwarsa ga Marin le Bourgeoys na Faransa wajen shekarar 1610. Mai irin wannan aiki yana iya barin ƙarfen fari fat, ko ya sa masa tsatsa da gangan har ya yi launin ƙasa, ko ya dafa tsatsar a tafasasshen ruwa ta koma baƙa. Ni launin toka nake so, saboda na yi ɗan zane a jikin farantin ƙyastun, wato farantin ƙarfen da ke gefen bindigar wanda ƙyastu ke zaune a kai, kuma na lura cewa tsatsa tana cike siraran layuka ta haɗiye su.

Da na faɗa wa maigidana, sai ya ɗauko wani tsohon faranti daga akwatinsa ya miƙa mini. Ya ce yawancin tokar da nake sha'awa a jikin tsofaffin bindigogi ba maƙeri ne ya sa ta ba, da yawansu fari aka bar su, sai gumin hannu da mai da shekaru suka rina su. Sojojin Ingila ma na wancan zamani goge bindigoginsu suke yi har su riƙa ƙyalli. Wadda ake yi da gangan, wadda masu sana'ar ke kira tokar Faransa, hanyarta daban ce: ana binne ƙarfen a gawayin ƙashi cikin rufaffen akwati, a gasa shi har ya yi ja, a tsoma shi a ruwa, sai fatarsa ta yi tauri ta fito da dabbare-dabbaren shuɗi da ruwan ƙasa. Daga nan sai a goge launukan a hankali, abin da ya saura a ƙarƙashi shi ne tokar.

"Ka ga ke nan, ɗana, cirewa ake yi," in ji shi. "Kai kuwa tunaninka duk yana kan abin da za ka shafa."

Na ce, "Na ji, Malam," amma a gaskiya kunne ne kawai ya ji.

Washegari da ya fita, na bi farantin da samfefa mai lamba 220 sama-sama, na share shi da tsumma, na shafa masa asid ɗin fosforik, wato irin mai kaurin nan da ake sayarwa don cire tsatsa. Wannan asid yana cin fuskar ƙarfe kaɗan ya bar wata siririyar fata mai launin toka, kuma cikin minti kaɗan na ga launin yana fitowa, raina ya yi fari. Da na wanke na shanya sai murna ta koma ciki. Duk wani sawun magagari da na yi zaton samfefa ta shafe ya fito raɗau, kamar an bi shi da alƙalami, kuma a tsakiyar farantin, daidai kan zanen da na shafe mako guda ina yi, ga hoton babban yatsana nan da dukan layukansa. Maiƙon fatata ya hana asid ɗin taɓa wurin.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, wadda ban gane ba sai da ya dawo. Don in huta da shafawa, na jefa ƙananan ƙarafan duka a kwano guda na asid, har da babban sifirin, wato ƙarfen da ke sa ƙanƙarar ta bugi ƙyastu. Malam ya tsamo shi da awartaki, ya ajiye shi gefe, ya ce ba zai sake shiga bindiga ba, domin asid yana sa ƙarfen da aka ba ruwa ya yi gautsi ta ciki, ido bai gani, sai ranar da aka ɗana shi ya karye. Bai yi mini faɗa ba, sabon sifirin kawai ya sa na gyara da hannuna, wanda ya ɗauke ni kwana biyu.

Sauran kwanakin a kan gugar ƙarfe suka tafi, kuma a nan ne na koyi aikin. Bututu mai kusurwa takwas ana bin kowace fuska da magagari a kwance, ana jan sa daga gindi zuwa baki, sannan a naɗa samfefa a jikin katako mai shafaffen ciki don kada kusurwoyin su dakushe. Daga 220 na koma 320, wadda ta fi laushi, kuma duk lokacin da na sauya lamba sai in ɗan karkata hannu, ta yadda sawun da ya rage na lambar baya zai nuna kansa. Malam ya hana ni wuce 400, domin ƙarfen da ya yi santsi kamar madubi ba ya karɓar magani sosai. Ƙarafan da aka yi da zubi kuwa suna zuwa da wata fata mai tauri wadda dole a cire ta gaba ɗaya, in ba haka ba launin ya fito rabi da rabi. Bayan guga sai wanki da asitom, wato sinadarin da ke cire maiƙo, ana sanye da safar hannu, kuma daga wannan lokaci ba a sake taɓa ƙarfen da fata. Hatta soson ƙarfe mai laushi, mai lamba 0000, sai an wanke shi, saboda da mai a jikinsa ake sayar da shi don kada ya yi tsatsa.

Bututun na toshe bakinsa da katako, haka ma ƙaramar kafar wuta, wato ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi, domin ko ɗigo bai kamata ya shiga ciki ba, sannan na shafa asid ɗin daga wannan kai zuwa wancan ba tare da tsayawa ba. Inda hannu ya tsaya, nan layi yake fitowa. Na wanke, na bi shi da ruwan bekin soda don ya kashe ragowar asid ɗin, na ɗauraye, na ɗumama shi har ya bushe sarai.

Farantin kuwa wata hanya muka bi, wadda har yau ita na fi so ga duk ƙarfen da ke da zane. Ana shafa maganin baƙanta ƙarfe na sanyi, mai sinadarin seleniyam da jan ƙarfe, har farantin ya yi baƙi, sannan a bi shi da soson ƙarfe a hankali ana rage baƙin. Wuraren da suka taso suna yin haske, baƙin kuma ya maƙale a cikin zanen da lungunan da hannu ba ya kaiwa, kamar dai yadda tsufa yake yi da kansa. Wahalarta ita ce sanin inda za a tsaya. Sau uku ina wuce gona da iri farantin ya koma fari, in sake shafawa, kuma a na huɗun Malam ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Ya isa haka." Ƙyastun, da yake an ba shi ruwa ya yi tauri, launinsa ya ɗan bambanta da na farantin, na so in matsa masa, ya ce in bar shi, haka yake a tsofaffin ma. Fuskarsa da ƙanƙara ke bugu ba a sa mata komai.

Wasu suna amfani da ruwan bilic don ƙarfen ya yi ƙananan ramuka ya zama kamar ya shekara ɗari biyu. Na gwada sau ɗaya a kan guntun ƙarfe, ban sake ba, saboda cinsa ba ya da linzami, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya wahala wajen gyara ƙarfe sannan ya sa masa cuta da hannunsa ba. Ruwan khal ma yana ba da toka, sai dai a hankali, kuma mai rauni.

Launin toka ba ya kare ƙarfe daga tsatsa kamar yadda launin ƙasa yake yi, don haka tun bututun yana da ɗumi na shafe shi da mai, washegari na bi shi da kakin zuma. Ragowar baƙin albarushi kuma yana jan danshi, shi ya sa ranar da muka fara harba ta, kafin magariba, gefen kafar wutar ya riga ya yi duhu fiye da sauran jikin. Na ɗauko soso zan goge, Malam ya ce in wanke da ruwa in sa mai kawai, in bar tabon inda yake. Yadda harbin farkon ya kasance, da abin da ya sa harsashin ya riƙa faɗawa hagu, shi ne zancen mako mai zuwa in Allah ya kai mu.