Tsakanin farar riga da baƙar fuska

Ranar ɗaurin auren ƙanwata, a 2004, na danna kyamara sau arba'in da fim ɗin da ba ya cin fiye da hoto talatin da shida. Tun a na talatin da takwas ya kamata jikina ya ba ni, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Ga dangi sai gyara tsayuwa suke, wannan ya karya hula, waccan ta ja mayafi, ni kuma ina ta ja ina dannawa kamar wanda ya gaji sana'ar. Kyamarar Pentax K1000 ce, ta hannu, na saye ta a Sabon Gari wata biyu kafin bikin, kuma ni da bakina na ce kada a ɓata kuɗi wajen kiran mai hoto.

Da aka wanke fim ɗin, fes ya fito, ko inuwar mutum ɗaya babu. Ashe bakinsa bai kama sandar da ke naɗe shi ba, yana kwance cikin gwangwaninsa tun safe har la'asar. Gwaggona, Allah ya ji ƙanta, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Ai ba komai, ɗan nan. Mun dai sha kallon ƙarfe." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kunyar nan ce ta kai ni shagon wani tsoho mai hoto a unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Baba. Ya saurari labarina har ƙarshe, sannan ya yi dariya mai isarsa. Ya karɓi kyamarar, ya zura mata tsohon fim, ya ja, ya nuna mini ɗan hannun nan na hagu da ake mayar da fim da shi. "Ɗana, duk sanda ka ja, dubi wannan. In ya juya, fim na tafiya. In bai juya ba, iska kake ɗauka." Yau fiye da shekara ashirin, kyamarar da nake riƙewa ba ta da wannan hannun, amma bayan dannawar farko sai idona ya leƙa hagu.

Ni malamin makaranta ne, hoto sha'awa ce kawai, don haka ranakun Asabar nake zuwa in zauna a shagon. Baba ba shi da kalmomin littafi. Ƙofar da haske ke bi ta cikin gilashin kyamara "ido" yake ce mata: a buɗe ido, a tsuke ido. Labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna kuwa "ƙiftawa" ne. Lambobin ido suna bakinsa kamar hadda, 16, 11, 8, 5.6, 4, kuma duk mataki ɗaya da ka sauko haske ya ninka. Ya ba ni ƙa'idar da daga baya na tarar masu hoto na ko'ina sun san ta: in rana ta take kuma lambar ƙarfin fim ɗinka 100 ce, sa ido a 16, ƙiftawa a 1/125 na daƙiƙa. Sauran kuwa daga zaman Kano ya samo su. In hazon Janairu ya turnuƙe har Dala ta ɓace wa mai hangenta, rana na sama amma ba ta da kaifi, a buɗe ido mataki ɗaya ko biyu. Ƙarƙashin darbejiya, uku. Cikin zaure, buɗe iyakar buɗewa, ka jingina da bango, ka riƙe numfashi.

K1000 tana da wata allura a cikin madubin leƙawa mai nuna ko haske ya yi daidai, kuma ita kaɗai ce ke cin batir a jikinta. Baba ya cire batirin ya jefa a aljihu. Wata uku sai dai in dubi wuri, in faɗi lamba da baki, in rubuta a ɗan littafi, sannan in danna. Fim ɗaya da kuɗin wankinsa ba ƙaramin giɓi ba ne a albashin malami, saboda haka nakan yi mako uku ina lallaɓa hoto talatin da shida. In an wanke, mu zauna da littafin muna bin su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda idona ya yi mini ƙarya.

Da ya mayar mini da batirin ne na gane ita ma allurar tana da nata ƙaryar, kuma a kan mu ta fi yin ta. Ɗauki dattijo baƙi wuluk, ya sha farar shadda da farin rawani, an sauko daga Idi rana ta take. Ma'aunin haske an gina shi ne ya ɗauki duk abin da ya gani a matsayin toka-toka, tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi. In ya ga wannan uban fari sai ya ce haske ya yi yawa, a tsuke ido. Ka bi shi, riga ta fito ruwan toka, fuska ta koma gawayi, ido da haƙori kaɗai ake gani. Ka buɗe domin fuska, riga ta ƙone, aska takwas ɗin da maɗinki ya yi wata biyu yana tsirawa ta narke cikin fari. Na kai wa Baba ƙara, ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi wanda za ka ba haƙuri." Na ce, "To Baba, kai wanne kake zaɓa?" Ya ce, "Fuska mana. Ka taɓa ganin riga ta zo karɓar hoto?"

Amma ba ya barin rigar ta tafi a banza, don ya san mai ita ya kashe kuɗi. Da farko yakan lallashi mutum ya matso bakin inuwa, inda tazarar fari da baƙi ke raguwa. Yakan sa yaro ya riƙe farin kwali daga ƙasa, hasken ya koma kan fuska. In zai auna haske, tafin hannunsa yake aunawa a cikin hasken da mutumin ke tsaye, sannan ya ƙara buɗe ido mataki ɗaya, domin tafin hannu, na baƙi da na fari, ya ɗan fi tokar nan haske. Sirrin da ya fi duka kuwa halin nagatif ne, wato fim ɗin da aka wanke: yana da haƙuri da yawan haske, ba shi da haƙuri da ƙarancinsa. Ɗinkin rigar da kake zaton ya ƙone yana nan kwance a jikinsa. Wajen bugawa a takarda sai Baba ya kare fuskar da yatsu, ya bar haske ya ƙara daƙiƙu a kan riga, sai ka ga zaren yana tasowa.

Shekaru bayan haka na karanta abin da ya sa hotunan kala na da suke cutar da fatarmu. Tun shekarun 1950 injinan wanki ana saita su ne da wani kati na Kodak mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin zancen, ta nuna cewa cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da koken kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a hoto. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka yi katin da ya haɗa da baƙar mace. Baba bai taɓa jin sunan Shirley ba, amma shekara da shekaru yana gyara ɓarnarta da farin kwali.

Wankin baƙi-da-fari na koya a bayan shagon, kuma a nan zafin garinmu ya zama abokin gaba. Fim ɗin Ilford HP5 a cikin maganin ID-11 yana son minti bakwai da rabi a digiri 20 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu ruwan tanki ya yi nisa da wannan lamba. Ranar da na yi ganganci na zuba shi haka, nagatif ya fito da kauri, cike da tsaki kamar an watsa masa yashi. Daga nan ƙanƙarar leda ta shiga cikin kayan aiki. Jar fitilar nan kuma da mutane ke zaton da ita ake komai, ta takarda ce kawai. Fim a baƙin duhu ake naɗa shi, da lalube, shi ya sa ɗauke wuta bai taɓa tsayar mana da wannan ɓangaren ba.

Kafin in ƙware, ƙasa ta fara zamewa. Wuraren wanki suna ta raguwa, fim yana tsada, wanda ake samu ma sau da yawa ya sha zafin shago. Kodak ta daina yin Kodachrome a 2009, ta shiga kotun fatara a Janairun 2012, alhali injiniyanta ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wata jibgegiya mai ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Ni a 2009 na sallama, na sayi Nikon D40 ta hannu, mai megafiksel shida, wato ɗigo miliyan shida a hoto ɗaya.

Sallar farko da na fita da ita na bi karatun Baba sak, na buɗe domin fuska. Duk fararen rigunan suka ƙone, kuma wannan karon ƙonewar gaske ce. A dijital, in fari ya kai maƙura ya zama lamba 255, babu abin da aka rubuta a wurin, ba yatsan da zai dawo da zare ɗaya. Ashe ƙa'idar ta juya: a nan riga ake tsarewa, a bar fuska ta ɗan yi duhu, a ɗago ta daga baya a kwamfuta in an ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye hoton ɗanye yadda kyamara ta gan shi. D40 kuma in ka matsa mata wajen ɗago duhu sai tsaki ya cika fuska. Abin da ya cece ni shi ne tana yarda filashi ya yi aiki har a ƙiftawar 1/500, sai na koma kunna shi da rana tsaka. Baba ya ga haka ya ce, "Ikon Allah, mun ga zamanin da ake haska wa rana fitila." Ga kuma ƙurar hunturu. A fim kowane hoto da sabuwar fuskarsa, ƙura ta ɓata ɗaya ta wuce. A dijital in ta zauna kan sensa, wato farantin lantarkin da ya maye gurbin fim, ɗigon nan zai bi ka cikin hoto dubu.

Na yi shekaru ina bin labarin sababbin kyamarori kamar mai bin ƙwallo, tun ina biyan kuɗin awa a kafen intanet. Nikon D7000 a 2010, Sony A7 marar madubin ciki a 2013, sannan Nikon da Canon suka bi sahu da nasu irinta a 2018. Yawancin abin da na haddace bai amfane ni da komai ba. Megafiksel shida sun isa buga hoton inci biyar da bakwai har da saura, kuma yau hotunana WhatsApp ne ke matse su kafin kowa ya gani. Abu biyu ne na yarda sun canja aikina: sensa da ke iya riƙe fari da baƙi a hoto ɗaya fiye da da, da madubin leƙawa na lantarki mai nuna maka yadda hoton zai fito tun ba ka danna ba. Wayoyi irin su Tecno ma sun gina kasuwarsu a nan da saita kyamara domin baƙar fata, ko da yake wani lokaci sukan wuce gona da iri, su goge fuska har ta zama kamar ta roba. Abin da na yi asara kuma ni na jawo. Na taɓa dawowa daga Hawan Daushe da hoto ɗari tara, kuma jahin da na je dominsa ya wuce ina sunkuye ina duba na baya a allo.

Bara na sauko da kwalin takalmin da nagatif ɗina suke ciki, na ɗora su kan farin haske ina ɗaukarsu da sabuwar kyamara ina juya launin a kwamfuta. Na iso kan fim ɗin sunan ɗan farin ƙanwar tawa, na 2005. Ranar Gwaggo ta ƙi shiga hoto, ta ce ita ta gama kallon ƙarfe, ta shige ɗaki. Hoton da aka buga mana a lokacin yana nan a bangon gidanmu: mata a jere a tsakar gida, bayansu ƙofar ɗaki baƙa ƙirin. Littafina ya nuna ido a 5.6 na sa, na buɗe domin fuska. Na ja duhun ƙofar sama a hankali, sai ga gefen ɗankwali, sai ga hannu riƙe da labule. Tana tsaye daga ciki, ta leƙo, tana dariya.